Hutun haihuwa mai albashi: yana tsare wa uwa aikinta ne ko raba ta da shi yake yi?

“Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Kaduna, shekarata huɗu ina koyarwa a wurin, kuma yanzu ina ɗauke da ciki na biyu. Ƙanwata ma'aikaciyar gwamnatin jiha ce, da ta haihu an ba ta wata shida da cikakken albashi, ni kuwa wata uku aka ce za a ba ni da rabin albashi. Da muka yi wa mai makarantar magana, sai ya ce ranar da aka tilasta masa ba da wata shida, ranar zai daina ɗaukar mata aiki. Ya ƙara da cewa dogon hutu ne ke sa mata su saba da zaman gida su ƙi komawa. Don Allah ina son bayani: hutun haihuwa da ake biyan albashi a cikinsa yana taimaka wa mace ta ci gaba da aikinta ne, ko kuwa cutar da ita yake yi?”

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya raba lafiya. Mai makarantarku ya haɗa maganganu biyu ne a wuri ɗaya, kuma sai an raba su kafin a gane inda yake da gaskiya da inda ba shi da ita. Maganarsa ta farko a kan halin mace take: wai idan aka ba ta hutu mai tsawo tana karɓar albashi, zaman gida zai yi mata daɗi ta ƙi komawa. Ta biyu a kan halin mai ɗaukar aiki take, wato idan aka ɗora masa kuɗin hutun zai guje wa mata tun daga ƙofa. Na yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata kafin na koma koyar da darasin ƙwadago da albashi, kuma abin da na gani da idona da abin da na karanta sun kai ni ga matsaya ɗaya. A maganar farko ba shi da hujja, matuƙar hutun da ake magana a kai na watanni ne ba na shekaru ba. A ta biyu kuwa akwai ƙamshin gaskiya, sai dai laifin ba na tsawon hutun ba ne, na aljihun da ake ciro kuɗin ne.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta ya koma shekarar 1971, ta yi maganar haihuwa a sashe na 54. Mace tana da damar barin aiki makonni shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, kuma ba a yarda a sa ta aiki ba a makonni shida na bayan haihuwa, jimilla makonni 12 ke nan. Idan ta yi wata shida ko fiye a wurin kafin hutun, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Bayan ta dawo, tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, kuma an hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. Ashe abin da aka yi miki tayi kusan shi ne ƙasan ma'aunin da doka ta ajiye. Akwai kuma wani lauje cikin naɗi da mutane da yawa ba su sani ba: ma'aikacin da dokar take nufi shi ne mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu, ta cire masu riƙe da shugabanci da masu aikin ƙwarewa, don haka lauyan makaranta zai iya tsayawa ya ce malama ba ta ciki, takardar ɗaukarta aiki ce kaɗai za a duba.

Ƙanwarki tana ƙarƙashin wani tsari ne daban. A shekarar 2019 gwamnatin Kaduna, a zamanin Malam Nasir El-Rufai, ta sanar da wata shida ga mata ma'aikatanta, bayan Legas ta riga ta yi haka tun 2014 a kan haihuwa biyu na farko, tare da kwana goma ga uba. Gwamnatin tarayya tana ba da aƙalla makonni 16 da cikakken albashi, kuma a 2021 ta amince da kwana 14 ga maza. Duk waɗannan dokokin aikin gwamnati ne, ba su hau kan makarantar kuɗi ko asibitin kuɗi ko kanti ba. Ma'aunin duniya kuwa, wato Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000, ya ce kada hutun ya gaza makonni 14, kada kuɗin ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi, sannan ya ƙara sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a ganina, cewa kuɗin ya fito daga asusun inshorar ma'aikata ko baitulmali, ba daga aljihun mai kamfani shi kaɗai ba. Ki riƙe wannan sharaɗi, domin a kansa kusan dukkan rigimarku da mai makaranta ta rataya.

Shin hutun yana zaunar da mace a gida?

Kowace mace da ta haihu sai ta zauna, ko da doka ko babu. A ƙasar Hausa ma ba sai an faɗa ba, domin mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, ana wankan jego safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, in haihuwar fari ce ma gidan iyayenta take komawa. Saboda haka doka ba ita ce ke ƙirƙirar zaman ba. Abin da take yi shi ne ta yanke hukunci a kan sunan da za a kira wannan zama da shi, ko hutu ne wanda gurbin mace ke jiran ta, ko kuwa barin aiki ne. Bambancin yana da girma ƙwarai. Macen da ta ajiye aiki ta rasa shekarun da ta tara, ta rasa matakin albashinta da sanin da ta yi wa wurin da mutanensa, kuma ranar da ta tashi neman wani aiki za ta fito ne da goyo a baya ta shiga layi ɗaya da 'yan matan da suka gama hidimar ƙasa jiya. Wadda hutu ta ɗauka kuwa ranar Litinin kawai za ta shirya ta koma kujerarta.

Binciken da aka yi a Kanada ya nuna wannan a fili. Michael Baker da Kevin Milligan sun duba abin da ya faru lokacin da lardunan ƙasar suka kafa hutun makonni 17 zuwa 18 wanda ake tsare wa mace gurbinta, sai suka tarar cewa tsawon zaman da mata ke yi a gida bai canza ba, amma yawan masu komawa wurin aikinsu na da ya ƙaru. Wato da ma zaman suke yi, dokar ta hana zaman ya zama sallama ne kawai. Tun kafin su, Christopher Ruhm ya bi ƙasashe tara na Turai daga 1969 zuwa 1993, ya ga cewa hutu mai albashi yana tafiya tare da ƙaruwar yawan mata masu aiki da kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100, ko da yake a inda hutun ya yi tsawo sosai albashin mata yakan ɗan ja baya idan aka kwatanta da na maza.

Shi albashin kuma aikinsa daban ne da na tsare gurbi. Hutun da babu kuɗi a cikinsa na masu hali ne, domin matar da gidanta ke jiran albashinta ba za ta iya zaman wata uku ba ko sisi, ko dai ta koma aiki jikinta bai gama warwarewa ba, ko ta bar aikin ta kama sana'ar da za ta iya yi da jariri a cinya. Amurka misali ce a nan: dokarta ta tarayya ta 1993 ta ba da makonni 12 ba tare da biya ba, kuma kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama kawai ta shafa. Da jihar Kaliforniya ta fara biyan makonni shida a 2004, tsawon hutun da mata ke ɗauka ya ninka, kuma waɗanda suka fi amfana su ne marasa digiri da marasa miji.

Inda maganar mai makarantarku ta sami gindin zama shi ne hutun shekaru. Ostiriya ta mayar da hutunta daga shekara ɗaya zuwa biyu a 1990, nan take mata suka jinkirta komawa aiki, abin da suke samu ya ragu a shekarun farko, daga baya gwamnati ta rage shi zuwa wata 18 a 1996. Jamus ta tashi daga wata biyu zuwa shida a 1979, ta yi ta ƙarawa har gurbin mace ya kai ana tsare mata shi shekara uku a 1992, kuma duk ƙarin da aka yi sai mata su zauna daidai gwargwadonsa. Faransa ce ta fi ba da darasi. A 1994 ta fara biyan iyaye masu 'ya'ya biyu wani ƙayyadadden kuɗi in sun zauna gida har yaro ya cika shekara uku, sai mata sama da 100,000 suka fice daga kasuwar aiki, kamar yadda lissafin masanin tattalin arziki Thomas Piketty ya nuna, mafi yawansu masu ƙaramin ilimi waɗanda albashinsu bai fi kuɗin da gwamnati ke bayarwa da wani abin kirki ba. Duk da haka, da aka bi matan Ostiriya da Jamus har shekaru masu yawa bayan haihuwa, an tarar cewa illar ta ragu ƙwarai, yawancinsu sun koma aiki da hutun ya ƙare. Jamus da kanta ta sake lale a 2007, ta taƙaita biyan zuwa wata 12, da ƙarin wata biyu idan uba ya ɗauki nasa, ta kuma ɗaure kuɗin da kashi 67 cikin 100 na albashin da mace ke ɗauka, sai komawa aiki a shekara ta biyu ta ƙaru.

To ki duba tazarar. Ana maganar illa ne a kan hutun wata 24 da wata 36, ku kuwa kuna jayayya ne tsakanin wata uku da wata shida. Babu wata hujja mai ƙarfi da ke nuna cewa hutun da bai kai shekara ba, wanda gurbin mace ke jiran ta, yana raba ta da aiki. A shekarun da na yi ina riƙe da fayilolin ma'aikata, ban taɓa ganin wadda ta ƙi dawowa don zaman gida ya yi mata daɗi ba. Wanda ya taɓa kwana da jariri mai kukan dare ya san cewa sunan hutu kawai abin yake da shi.

Adalci ya sa in kawo miki binciken da bai goyi bayana ɗari bisa ɗari ba. Martha Bailey da abokan aikinta sun yi amfani da bayanan haraji na Amurka suka bi matan Kaliforniya na kusan shekara goma, suka ga cewa dokar 2004 ba ta ƙara wa mata aiki ko albashi ba, masu haihuwar fari da suka ɗauki hutun ma sun ɗan rage aiki daga baya. Haka nan a Norwe, ƙarin da aka yi daga makonni 18 zuwa 35 tsakanin 1987 da 1992 bai canza yawan mata masu aiki da wani abin a zo a gani ba. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, amfanin hutun yana da yawa a watannin farko, daga nan sai ya riƙa raguwa, kuma duk wanda ya ce miki hutun haihuwa shi kaɗai zai daidaita mata da maza a wurin aiki ya yi miki alkawarin da ba zai cika ba.

Aljihun wa?

Yanzu mu yi wa mai makarantarku adalci shi ma, mu yi lissafi da alƙalaminsa. Mu ɗauka albashinki naira 70,000 ne a wata. Wata uku a kan rabin albashi zai ci masa naira 105,000. Wata shida a kan cikakken albashi kuwa naira 420,000 ne, ninki huɗu ke nan, kuma bai gama ba, domin ajinki ba zai zauna babu malami ba, sai ya ɗauko na wucin gadi ya biya shi. Idan malamansa 20 ne kuma rabinsu matan aure ne masu ƙuruciya, a shekara ɗaya uku za su iya haihuwa, alhali shi kuɗin shigarsa na makaranta ne da iyaye ke biya a guntu-guntu. Gwamnatin jiha ba ta jin wannan nauyi kamar yadda yake ji, don albashin ƙanwarki yana cikin kasafi ko ta zo ko ba ta zo ba, kuma sau da yawa ba a ɗaukar kowa a madadinta, abokan aikinta ne ke raba aikin.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan doka ta sa ɗaukar mace ya fi ɗaukar namiji tsada, mai ɗaukar aiki zai nemi mafita, kuma ba zai rubuta ta a takarda ba. Na zauna a kwamitin tantance masu neman aiki inda wata yarinya ta fi kowa maki, sai wani daga cikinmu ya sunkuyo ya ce a hankali, “Amarya ce fa.” Kalma uku, kowa ya gane abin da ake nufi. Na ga mata suna ɓoye ciki a cikin babban hijabi har wata bakwai saboda ana dab da ƙarin girma. Na ga inda aka daina ba mata aikin dindindin aka koma kwantiragin shekara-shekara, ta yadda ba sai an kori mai ciki ba, ƙin sabunta mata takarda kawai za a yi. Wannan illa ba ta tsaya kan mai haihuwa ba, har wadda ba ta yi aure ba da wadda Allah bai ba haihuwa ba duk tana shafar su, tunda mai ɗaukar aiki ba ya sanin gaibu, jinsi da shekaru kawai yake kallo.

Indiya ta taka wannan sawu. A 2017 ta ɗaga hutun daga makonni 12 zuwa 26 a kan 'ya'ya biyu na farko, ta bar nauyin biyan a wuyan masu kamfanoni a mafi yawan wurare. Ba a daɗe ba aka fara samun rahotannin ƙananan kamfanoni suna ja da baya daga ɗaukar mata, har a 2018 ma'aikatar ƙwadagon ƙasar ta fito da shawarar mayar wa kamfanoni kuɗin makonni bakwai don rage musu zafi. Dokar tana da kyau a takarda, an dai manta da tambayar wanda zai biya ne.

Ƙasashen da abin ya yi musu aiki sun bi ta asusun haɗin gwiwa. Kowane mai ɗaukar aiki, ko maza zalla ya ɗauka, yana zuba wani ɗan kaso na albashin ma'aikatansa, idan mace ta haihu asusun ne ke biyan ta, shi kuma ya yi amfani da albashinta wajen biyan wanda ya riƙe mata wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan aka raba nauyin ba shi da yawa. Ki ƙaddara ma'aikata 100 masu albashi iri ɗaya, a shekara ana biyan su albashin wata 1,200. Idan biyar suka haihu aka biya kowace wata huɗu, wata 20 ke nan, bai kai kashi 2 cikin 100 na jimillar albashin ba. Ba sai mun je Turai neman misali ba, domin a Jamhuriyar Nijar hutun makonni 14 ne, kuma asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, CNSS, yana ɗaukar wani ɓangare na biyan. Najeriya ma ta san hanyar, tunda dokar 2010 ta sa masu ɗaukar aiki suna zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a hukumar NSITF don biyan diyyar rauni a wurin aiki, kuma tun 2004 ake tara fansho ta hanyar karo-karo. Haihuwa kuwa an bar wa mai kamfani ya ɗauka shi kaɗai. A ra'ayina, ƙungiyar ƙwadago da ta tsaya kan neman wata shida a kamfanoni masu zaman kansu ba tare da neman asusu ba, tana iya jawo wa matan da take son taimako rufe ƙofa.

Hutun uba ma yana shiga nan ta wata fuska. Suwidin ta buɗe hutun ga iyaye biyu tun 1974, amma maza ba su cika ɗauka ba sai da aka keɓe musu wata guda a 1995 wanda in uba bai ɗauka ba ya tafi, yanzu kuma kwana 90 ne na kowannensu a cikin 480. Manufar ita ce mai ɗaukar aiki ya san namiji ma zai iya tafiya. Kwana 14 namu ba zai yi wannan aiki ba. Yana da amfani wajen hidimar asibiti da ragon suna, amma babu mai ƙin ɗaukar namiji saboda makonni biyu.

Ranar da hutu ya ƙare

Ga abin da na fi son ki ji, don shi ne ya fi kusa da ke. A fayilolin da na riƙe, takardun ajiye aiki ba a cikin hutu suke zuwa ba, suna zuwa ne wata biyu ko uku bayan an dawo. A lokacin kaka ta koma gida, 'yar rainon da aka kawo daga ƙauye ta tafi ko an ga ba za a iya barin mata jariri ba, yaro ya fara zazzaɓin haƙori, uwa ta makara sau uku an ba ta takardar gargaɗi, maigida ya lissafa kuɗin gidan raino da na adaidaita sahu ya ga sun cinye rabin albashin, sai ya ce ta haƙura. Ko wata uku aka bayar ko shida, in babu amintaccen hannun da za a miƙa wa yaro, tsugune ba ta ƙare ba.

Denmak ta isa hujja. Ƙasa ce mai hutu mai tsoka da gidajen raino na gwamnati, amma Henrik Kleven da abokan aikinsa sun nuna cewa bayan haihuwar fari abin da mace ke samu yana faɗuwa da kusan kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da namiji, kuma tazarar ba ta rufewa, shi kuwa uba nasa bai motsa ba. Sun kuma ga cewa macen da ta tashi a gidan da mahaifiyarta ba ta fita aiki sosai ta fi samun wannan faɗuwa. Ma'ana, tarbiyya da abin da gida ke tsammani daga uwa suna da nauyin da doka ba ta iya ɗagawa ita kaɗai.

A nan ne wata shida yake da hujjar da ba ta kasuwar aiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla na wata shida, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya ke samun haka. Jaririn da ya kai wata shida ya fara shan kunu ya fi sauƙin bari a hannun wani a kan ɗan wata biyu da rabi, don haka uwar da ta dawo a lokacin ta fi samun kwanciyar hankalin da zai sa ta ɗore.

Dole in faɗi iyakar waɗannan hujjoji. Kusan dukkansu daga ƙasashen da mace ke haihuwa ɗaya ko biyu suka fito, alhali binciken 2018 ya sa matsakaicin haihuwa a Najeriya a kan 5.3, a Arewa maso Yamma kuma 6.6. Ma'aikaciyar da ta haifi biyar a kan wata shida-shida ta yi shekara biyu da rabi a hutu, wanda a cikin shekara 35 na aikin gwamnati ba wani abu ba ne, amma a ƙaramar makaranta ana jin sa. Sannan alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ƙarƙashin tsarin albashi na hukuma suke ba. Mai ƙosai da mai kitso da mai ɗinki a cikin gida, asusun haihuwarsu shi ne adashi da gudummawar suna, kuma ba doka ce ke faɗa musu ranar komawa ba. Ni ma gogewata ta ofisoshi da makarantun birni ce, kuma ni ba lauya ba ce.

Ke kuma a wannan ciki

Ki fara da takardar ɗaukarki aiki da littafin ƙa'idojin makarantar, ki ga abin da aka rubuta, sannan ki nemi a ba ki amincewar hutun a rubuce, da ranar tafiya da ranar dawowa da adadin kuɗin, kuma a ambata cewa gurbinki da matakinki suna nan. Wannan takarda ta fi ƙarin wata guda na baka daraja. Idan aka sallame ki saboda cikin, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce wurin zuwa, kuma ta taɓa yanke hukuncin cewa korar mace saboda juna biyu wariya ce, ko da Dokar Ƙwadago ba ta rufe irin aikinta ba.

A wajen ciniki da mai makarantar, ba na ganin za ki samu wata shida da cikakken albashi, amma akwai abubuwan da ba za su ci masa kuɗi sosai ba. Ki duba kalandar makaranta, idan ƙarshen hutunki ya yi kusa da hutun zango ko dogon hutu, ki nemi a haɗa miki su. Mata da yawa suna aiki har dab da haihuwa don su tura makonnin gaba zuwa baya, amma wannan shawara ce da sai likitarki ta amince, musamman idan akwai hawan jini ko kumburin ƙafa. Ki nemi a jera miki darussanki da safe a zangon farko na dawowa, ki tashi da wuri. Ma'aikatan tarayya masu shayarwa ana sassauta musu awa biyu a rana na wata shida bayan sun dawo, za ki iya kafa hujja da wannan. Mafi amfani duka, ku malamai mata ku haɗu ku nemi a ba ku ɗaki ɗaya a cikin makarantar, ku ɗauki dattijuwa mai amana ku riƙa biyan ta karo-karo, ta yadda a lokacin tara kowace za ta leƙa ta shayar. Na ga an yi haka a wata makaranta da tabarma biyu da katifa da fanka, kuma malamai huɗun da suka haihu a wannan shekarar babu wadda ta ajiye aiki. Idan za ku kai masa maganar, ku tafi da lissafin abin da yake kashewa duk lokacin da gogaggiyar malama ta tafi a tsakiyar zango, ya nemo sabuwa, ya horar da ita, iyaye kuma su yi ta ƙorafin an canza wa 'ya'yansu malami ana dab da jarrabawa.